Yadda Inna Ta Tare a Caji Ofis

Shekarar da aka cire mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan jihar Kebbi, a ita Baba ya rasu. Ciwon ciki ya kwantar da shi sati uku, muka kai shi asibiti a Yauri, muka dawo da gawa. Ƙannena mata biyu suna gidan aure a tsallaken ruwa. Ni kuwa aurena na fari ya mutu, na dawo gida ina koyar da 'yan aji huɗu a firamaren garinmu. Namiji ɗaya Inna ta haifa, shi ma tun yana goye ya koma. Sai gida ya zama daga ni sai ita.

Gidanmu ne na ƙarshe kafin ruwa. Ɗakin siminti ɗaya ne a ciki, irin waɗanda gwamnati ta gina wa mutane lokacin da ruwan dam ya ci tsohon gari. Baba ya ƙara nasa ɗakin na ƙasa mai rufin ciyawa, can ƙarshen tsakar gida kuma ga rumfar da Inna ke bandar kifi a cikin gangunan ƙarfe uku. Abin da gidan ya fi sauran gidaje da shi shi ne bakin ruwansa. Wurin dutse ne, ga zurfi. Ko ruwa ya ja baya, kowa na tsoma ƙafa cikin taɓo kafin ya kai jirginsa, a ƙofar gidanmu jirgi kan zo har gaɓa ya tsaya.

Akwai wani mutum da suka yi shekaru suna aikin jirgin inji tare da Baba, suna ɗaukar mutane da buhunan albasa zuwa kasuwanni. Ba danginmu ba ne, amma Kawu muke ce masa tun muna ƙanana. Tuwon gidanmu ya sha ci. Ran da aka rufe Baba, shi ya fi kowa kuka.

Inna na fita takaba da kwana biyu ya zo. Ya gaisa, ya yi addu'a, sannan ya ce marigayi ya yi masa alkawarin gaban gidan nan, inda jirgi ke tsayawa, har da wurin rumfa, zai gina shagon mai da ɗakin ajiye kaya. Ya ce mu mata biyu ɗakin siminti ya ishe mu.

Inna ta ce, "Shekara talatin muna kwana ɗaki guda da shi, bai taɓa faɗa min ba. Wa ya ji lokacin da yay yi maka alkawarin?"

Ya ce tsakaninsu ne, a kan ruwa.

Ta ce, "To, ruwa ba ya shaida. Rumfar nan da ita nika ci. Ka yi haƙuri."

Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya fita bai yi sallama ba.

Da rana tsaka ya riƙa zuwa, kuma ya san abin da yake yi. Mazan garinmu tun asuba suke hawa ruwa ko su tafi gona. Daga hantsi zuwa la'asar ba kowa sai mata da tsofaffi da yara.

Da agwagi aka fara. Inna na da tara. Wata rana ta dawo daga ɗebo itace ta tarar da huɗu an murɗe musu wuya, an jera su a bakin ƙofa kamar kayan talla. Bayan kwana kaɗan aka sassare dangar gida ta ɓangaren ruwa. Muka gyara, aka sake sarewa. Daga nan ya daina ɓuya. Akwai wani tsohon kwalekwale da aka kife daura da ƙofarmu, nan zai zauna da adda da dutsen wasa, ya yi ta wasa ta yana kallon cikin gida ta inda dangar ta faɗi. Wani lokaci awa biyu yana zaune. Har yau ba na son jin ana wasa wuƙa.

Mun kai ƙara wurin mai gari. Aka kira shi, ya rantse bai san zancen agwagi ba, ya ce zama kuma a bakin ruwa yake yi, ruwa na Allah ne. Mai gari ya ce a yi haƙuri da juna, ai duk ɗaya ne. Ɗiyarsa na auren ƙanen Kawu, kowa ya san haka.

Zaman gida ya zama mana wahala. Ɗakin simintin nan da rana kamar tanda yake, amma a ciki muke kulle kanmu da zarar Inna ta juya kifi. Inna mai dogon lazimi ta koma tana sallame salla ta miƙe ta leƙa waje. In na tafi makaranta, rabin hankalina na gida. Na mayar da teburina kusa da taga don in riƙa hango saman rumfarmu. Gidan mai banda kullum da hayaƙi, sai na koyi rarrabewa: in fari ne siriri, kifi ne. Baƙi nake tsoron gani. Sau da yawa zan tsaya a tsakiyar darasi, alli a hannu, yara su yi ta kallona.

Ni na matsa wa Inna muka tafi wurin 'yan sanda. Caji ofis ɗin yana babban garin da muke cin kasuwa, tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙasa. Muka tarar da wani kofur a bayan kanta, saurayi mai ɗan gashin baki, yana ɓare gyaɗa. Na yi masa bayani tun daga farko, ya bar ni na gama.

Ya ce, "Ya taɓa ku?"

Na ce, "A'a, Yallaɓai."

"Wa ya gan shi yana kashe agwagin?"

"Ba kowa."

"To, Malama, zama bakin ruwa laifi ne? Ko wasa adda? Ni ma ina da adda a gida." Ya jefa gyaɗa a baki. "Ba namiji a gidan ne?"

Na ce babu.

"Ai ka ji ciwon. Ki yi aure ki kawo muku mai gadi." Ya yi dariya, wani da ke zaune a kan benci ya taya shi. "Ku tafi gida. In wani abu ya faru ku dawo."

Sai a nan Inna ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, in ya faru, wa zai dawo?"

Kofur ya ja wani littafi yana buɗawa, muka fito.

Labari ya riga mu isa gida. Washegari Kawu ya shigo har tsakar gida ba sallama, ya ɗauki tulun ruwanmu ya juye a cikin ganga ɗaya, wuta ta mutu, kifin ya lalace. Ina tsaye a ƙofar ɗaki ya dube ni ya ce, "Gidan da ba namiji, ga ciyawa ga wuta, ai sai a hankali." Ya ajiye tulun a inda ya ɗauke shi ya fita.

Na zauna na rubuta takardar ƙara da Turanci, shafi biyu, na sa duk abin da ya faru da kalmomin da ya faɗa. Muka sake takawa. Kofur ɗin nan muka sake tararwa. Ya ce sufeto, wato shugaban ofishin, ya yi tafiya. Ya karɓi takardar ya ajiye a gefen kanta, ya ɗora kofin shayinsa a kai don kada iska ta ɗauke ta. Na fito hawaye na zuba.

A waje ana ta aiki. Wasu na shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, wani mai fenti kuma ya hau tsani yana goge sunan tsohuwar jiha a jikin allo yana rubuta sabuwa. Inna ta tsaya ta yi masa sannu da aiki, ta tambaye shi ko biki za a yi. Ya ce manyan baƙi ne za su zo daga Birnin Kebbi duba ofisoshi. Ta ce yaushe? Ya ce ran Litinin. Ta ce Allah ya kawo su lafiya.

Muka iso gida. Ta wuce kai tsaye gidan maƙwabciyarmu, wata 'yar Kambari mai zuwa coci, ƙawarta ta shekara talatin. Tun a tsohon gari suke tare, kowace ta karɓi haihuwar 'yar'uwarta. Suka daɗe a ɗaki. Da ta dawo ta ce min in haɗa kaya, ran Juma'a za mu tashi, mijin ƙawarta zai ba mu aron amalanken shanunsa.

Na ce, "Ina za mu, Inna? Tsallake?"

Ta ce, "Caji ofis."

Na ɗauka ƙara za mu sake kaiwa. Sai daga baya na fahimci nufinta. Na ce, "Inna, ni malama ce. Iyayen yarana duk can suke cin kasuwa. Cewa za a yi mun haukace."

Ta ce, "Da kunya da wuta, wacce ta fi zafi? In ba ki zuwa, ki zauna ki tsare gida."

Na haɗa kaya. Lokacin an yi hutun makaranta, ban da wata hujja.

Ran Juma'a da safe muka loda tabarmi, tukwane, turmi da taɓarya, buta, itace, ganga ɗaya ta banda, kwandon ɗanyen kifi, da agwagi biyar ɗin da suka rage. Maƙwabciyarmu ta ja shanu da kanta. A gaban caji ofis akwai babban itacen darbejiya. Nan Inna ta ce a sauke. Ta share wurin tsaf, ta shimfiɗa tabarma, ta kafa ganga, ta jera tarwaɗa a kan waya, ta hura wuta. Iska kuwa ta wajen ruwa take busowa, ta kwashi hayaƙin ta kai shi cikin ofis ta taga.

Kofur ya fito yana tari. "Inna, mene ne haka?"

Ta ce, "Tarewa na yi, ɗana. Kai kac ce in wani abu ya faru mu dawo. Na ga hanya da nisa, ga gwiwata ba lafiya, shi ya sa na matso kusa."

"Nan wurin gwamnati ne!"

"Ni ma ta gwamnati ce. Ita ta tashe ni daga tsohon gari ta aje ni inda nike. Wurin da ta aje ni ya ƙi zaunuwa, na dawo hannunta."

Mutane sun fara tsayawa. Kofur ya ga ana kallo, ya ɗaga murya ya ce in ba ta kwashe kayanta ba zai sa ta a bayan kanta.

Inna ta miƙa masa hannuwa biyu. "Ka sa ni. Ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ga mai gadi da bindiga, ai wata uku ke nan shi nika nema. A sa mu tare da ɗiyata."

Wani dattijo da ya tsaya da kekensa ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Kofur ya juya ya koma ciki ya rufe taga. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Matan 'yan sanda da ke zaune a barikin bayan ofis su suka fara zuwa. Ɗaya ta kawo mana ruwa, ta tsuguna ta ji labari, ta koma ta kira sauran. Wata ta ce ba za mu kwana a waje ba, ta buɗe mana ɗakin girkinta. Na ji ta da kunnena tana ce wa mijinta, "In uwarka ce fa?"

Ran Asabar labari ya zagaye gari da ƙauyuka. Mata suka riƙa zuwa, wasu don kallo, amma da yawa in sun zo sai su zauna. Wata ta ce ita ma an kwashe mata awaki sau biyu, ta kawo ƙara aka ce ta kawo ɓarawon. Wata bazawara ta ce ƙanen mijinta in ya sha ya bugu ƙofarta yake zuwa duka, ta zo nan aka ce maganar gida ce. Ina zaune ina jin su, ban san lokacin da na sauke mayafin daga fuskata ba. Da can na ɗauka mu kaɗai ne a duniya. Kafin la'asar tabarmi sun kewaye darbejiyar nan, wata na daka, wata na tsefe wa 'yarta kai, agwagi na yawo a kan duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa.

Ran Lahadi da hantsi sufeto ya dawo a kan babur. Dogon mutum ne mai furfura a gefen kai, ba ɗan ƙasarmu ba, Hausarsa irin ta bariki. Ya kashe babur ya tsaya yana kallon mata kusan talatin da hayaƙi da turmi a ƙofar ofishinsa. Na ce a raina yau mun shiga uku. Ya shiga ciki, aka ji murya na tashi, sannan ya fito. Ya zo har bakin tabarmar Inna, ya cire hula, ya tsuguna.

"Mama, ina kwana. An ce ke ce mai gidan nan yanzu."

Inna ta ce, "Baƙuwa ce ni, Yallaɓai. Ina da gidana."

Ya ce ta gaya masa. Ta faɗa, bai katse ta ba ko sau ɗaya. Da ta zo kan maganar ciyawa da wuta sai ya juyo gare ni ya ce an ce na rubuta takarda. Ya aika aka kira kofur. Aka daɗe ana nema kafin a samo ta, da zoben shayi a tsakiyarta. Ya karanta shafi biyun a tsugune.

Ya ce, "Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Mutum bakwai gare ni, babur ɗaya, ba mota, ba jirgi. In na kamo shi yau, zai rantse, gobe alƙali ya sake shi, ya dawo miki da fushi biyu. Doka tana son wanda ya gani da ido."

Inna ta ce, "Ido kuna da shi, ƙafa ce ba ku da ita. Ga amalanke nan."

Ya kalle ta ya yi murmushi. Ya dubi kofur ya ce, "Kai ka ce su dawo in abu ya faru. Kai za ka je ka zauna ka jira shi ya faru."

An sha tambayata ko don baƙin ran Litinin ya yi haka. Ina jin akwai wannan, Inna ma da shi ta yi lissafi. Amma na ga abin da ya yi bayan ya gama da mu. Ya sa aka fito masa da benci, ya zauna a ƙarƙashin itacen nan har azahar, yana kiran matan ɗaya bayan ɗaya yana rubuta abin da kowace ta zo da shi. Wannan ba wanda ya tilasta shi.

Shi ya tsara yadda za a yi. Muka loda kaya a gaban jama'a, ya fito ya yi mana 'yar tsawa don a ji, muka tafi kamar korarru. Sai da muka bar gari, a wata gonar dawa, muka tarar da kofur yana jira cikin farin kaya. Ya kwanta a cikin amalanke, muka rufe shi da tabarmi, maƙwabciyarmu ta ɗora kwandon agwagi a kansa. Na tabbata da gangan ta yi. Haka muka shiga da shi har tsakar gida, ya sulale ya shige ɗakin Baba. Ita kuma ta bi gidaje tana raɗa wa matan da ta yarda da su cewa in sun ji usur, kowace ta fito da abin da ke hannunta.

Ran Litinin Kawu bai zo ba. Kofur ya wuni a ɗaki ƙofa a rufe. Da na kai masa tuwon shinkafa da miyar kifi na same shi ya jiƙe sharkaf da gumi, ya kafa ido a wata 'yar ɓula a jikin ƙofa. Duk motsin da aka yi a waje sai ya zabura.

Ya ce, "Malama, haka kuke zama?"

Na ce, "Wata uku."

Ya karɓi kwanon.

Ran Talata bayan azahar Kawu ya zo. Mun ji ƙarar injinsa ya tsaya a bakin ruwanmu. Inna na rumfa tana juya kifi, ni ina kusa da ita ina tsinke zogale. Ya tsallako ta inda dangar ta faɗi, riƙe da galan ɗin man jirgi.

Ya ce, "An ce gwamnatin taku ta koro ku."

Inna ba ta ɗago ba.

"Kin je kin kunyata ni a kasuwa, kin kwashi mata kuna ta kiran sunana. To, ga ni. Wa zai hana ni?" Ya buɗe murfin galan. "Da ɗakin mijinki zan fara. In kin ga tokarsa, ki sake shawara kan rumfa."

Ya taka zuwa ɗakin Baba ya shiga watsa fetur a kan ciyawar rufin, ta gefen ƙofa. Warin ya cika gida. Na ga man na bin ciyawa yana ɗiga a bakin ƙofar da kofur ke bayanta. Ya ajiye galan ya sa hannu a aljihu ya fito da ashana.

Ƙofar ta buɗe da ƙarfi har ta bugi bango. Kofur ya fito, usur a baki, yana busawa kamar zai fasa shi. Kawu ya saki ashanar ya ja da baya. Kofur ya tofar da usur ɗin ya ce, "Ɗan sanda ne! Tsaya nan!"

Bai tsaya ba. Ya tsallake danga ya nufi jirginsa. Amma kafin ya kai, mata sun fito ta kowane lungu, mai taɓarya, mai muciya, wata tsohuwa da sandar dogarawarta. Maƙwabciyarmu da wasu uku sun riga shi jirgin, sun zauna a ciki daram, ta cire robar man injin ta rataya a wuya. Ya shiga ruwa har ƙugu ya tsaya. Gabansa zurfi, bayansa mata sun cika gaɓa. Ba wadda ta taɓa shi. Ya juya ya dube mu, na ga fuskarsa ta zama ta wani tsoho da ban sani ba.

Kofur ya shiga ruwan ya kama shi. Yana ƙoƙarin sa masa ankwa, ta suɓuce ta faɗa ruwa. Maƙwabciyarmu ta sauko daga jirgi ta lalubo ta da yatsun ƙafa, ta miƙa masa ta ce, "Riƙe da kyau, ɗan gwamnati." Da ankwar ta ƙulle sai ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Ni da ban taɓa guɗa ba a rayuwata, ranar na yi, ina yi ina kuka.

Hular Kawu ta faɗi a tsakar gidanmu lokacin da ya gudu. Inna ta ɗauko ta, ta kaɗe mata ƙasa, ta je ta ɗora masa a kai da hannunta. Ta ce, "Ka ci tuwo gidan ga. Ba ka ratsa gari kai ba hula."

Aka bi da shi ta tsakiyar gari daidai lokacin da maza ke dawowa daga ruwa. Suka tsaya da taru a kafaɗa suna kallo. Mai gari ya fito da sauri yana gyara rawani, yana cewa ai dama shi ya san abin ba zai ƙare da kyau ba. Ba wanda ya kula shi.

Kafin su wuce, kofur ya dawo ya tsaya a gaban Inna, rigarsa na warin fetur. Ya ce, "Inna, da na ji man nan na ɗiga, na ɗauka yau na mutu. Kwana biyu kawai na yi. Ki yafe min."

Ta ce, "Na yafe. Ka tahi da shi kafin rana ta faɗi."

A kotu Kawu ya ce tsoratarwa kawai ya yi niyya, ba zai ƙyasta ba. Ko gaskiya ne, Allah ya sani. Kofur ya tsaya a gaban alƙali cikin kakinsa ya maimaita maganganun Kawu ɗaya bayan ɗaya, ba ƙari ba ragi, aka ajiye galan da kwalin ashana a kan tebur. Aka ɗaure shi wata shida, aka kuma hana shi kusantar gidanmu. Da ya fito ya kwashe iyalinsa ya koma tsallake, ban sake ganinsa ba.

Matan unguwa suka taru suka yaye ciyawar da ta sha mai, mazansu suka yi sabon rufi, aka ɗaure danga. Sufeto ya sa ɗan sanda ɗaya ya riƙa biyo jirgin kasuwa duk sati, ya zauna a zauren mai gari, mai magana ya zo ya faɗa. An yi kusan shekara biyu ana haka, har aka canza wa sufeton wurin aiki, abin ya lafa. Amma mutanenmu sun riga sun gane hanya, kuma an daina yi musu dariya a bakin kanta.

Wata rana, bayan damina, ina gyaran littattafan yara a tsakar gida, ƙofa a buɗe, aka yi sallama. Wata mata ce da ban sani ba, da goyo a baya, ta sauko daga jirgin tsallake. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zanenta, ta ce wai nan ne gidan tsohuwar da ta tare a caji ofis?

Inna ta ce nan ne. Ta zaunar da ita, ta zuba mata fura, ta ce ta sha tukuna. Matar ta sha, sannan ta fara magana ƙasa-ƙasa, tana yi tana waiwaye. Wani ne ke bin ta gona in mijinta ya yi tafiya. Ta gaya wa dangi sun ce ta rufa wa kanta asiri. Tana tsoron zuwa wurin 'yan sanda ita kaɗai.

Inna ta saurare ta har ƙarshe. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da mayafinta na fita da takalmi a hannu. Ta ce wa matar ta gyara goyonta, akwai tafiya. Da suka kai ƙofa ta juyo gare ni.

"Malama, ki aje jan biron nan ki duba min ganga ta tsakiya. In kin bari ya ƙone, ke za ki ci shi."